An Gyara Ginin, Amma Hankalin Ma'aikacin Bai Kwanta Ba

Idan aka kai harin ta'addanci wurin aiki, abin da ake fara ƙirgawa shi ne waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata. Daga nan a ƙirga asarar dukiya. Bayan 'yan makonni ko watanni a kwashe ɓaraguzai, a sa sabbin gilasai, a yi fenti, a fitar da sanarwa cewa aiki ya koma yadda yake. A takarda kam ya koma. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da mutumin da ya tsallake rijiya da baya a irin wannan rana ya san tsugune ba ta ƙare ba.

A ce ga ma'aikaciya zaune a teburinta, wata takwas bayan harin. Iska ta bugo ƙofa da ƙarfi. Kafin ta ankara ta tsinci kanta a tsaye, biro ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Abokan aiki suka ɗago suka dube ta, wani ya ce, "Ƙofa ce fa." Ta san ƙofa ce. Ta yi murmushin yaƙe ta koma ta zauna. Cikin minti biyu bugun zuciyar ya lafa. Abin da bai lafa ba shi ne maganar da ta faɗa wa kanta lokacin da ta sunkuya tana ɗaukar biron: "Ni kam na lalace. Kowa ya warware sai ni."

Firgitar daban, wannan magana daban, kuma a ganina maganar ce ta fi haɗari. Firgita aikin jiki ce. Ƙwaƙwalwa ta haɗa ƙara mai ƙarfi da mutuwa, don haka tana tayar da jiki tun kafin tunani ya iso. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Irin wannan tsoro a mafi yawan mutane yakan ragu da kansa. Binciken da Sandro Galea da abokan aikinsa suka yi kan mazauna Manhattan, wani yanki na birnin New York a Amurka, bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya nuna cewa kimanin wata ɗaya da harin, kashi 7.5 cikin ɗari suna da alamun ciwon damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD. Bayan wata shida adadin ya sauko ƙasa da kashi ɗaya. Ma'ana, ɗan Adam ya fi yadda muke zato juriya, kuma ba duk wanda ya ga tashin hankali ne ke zama majinyaci ba.

Sai dai waɗannan mazauna gari ne, da yawansu daga nesa suka hango hayaƙi. Ma'aikatan da abin ya rutsa da su a cikin gini lissafinsu daban ne. Bayan tashin bam a ginin gwamnatin tarayya da ke birnin Oklahoma na Amurka a 1995, inda mutum 168 suka mutu, binciken da Carol North ta jagoranta ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira kai tsaye sun kamu da wannan ciwo. A Norway ma haka. Ranar 22 ga Yuli 2011 aka tayar da bam cikin wata mota a unguwar ma'aikatun gwamnati da ke Oslo, mutum takwas suka mutu, kafin maharin ya wuce tsibirin Utoya ya kashe wasu 69. Da masu bincike suka bi ma'aikatan ma'aikatun kimanin wata goma bayan haka, sai suka tarar kusan kashi 24 cikin ɗari na waɗanda ke wurin a lokacin fashewar suna fama da ciwon. A cikin waɗanda ba sa nan a ranar kuwa, kimanin kashi 4 ne.

Wannan kashi 4 ba abin rainawa ba ne. Ranar Juma'a ce da yamma, cikin watan hutu, don haka waɗanda ba sa ofis sun ninka waɗanda ke nan sau da yawa. Mutum yana gida ko yana tafiya, amma teburinsa ne ya tarwatse, kujerar da ya saba zama a kai ce gilashi ya yayyaga. Bai ji ƙarar ba, amma tunanin "da ina nan fa" bai bar shi ba.

To me ke raba wanda tsoronsa ya wuce da wanda nasa ya zauna daram? Kusanci da abin yana da tasiri, haka rauni a jiki, da rashin wani na kusa, da irin wahalhalun da mutum ya sha a baya. Amma masana halayyar ɗan Adam biyu, Anke Ehlers da David Clark, sun kawo bayani a shekarar 2000 wanda har yanzu ake aiki da shi a asibitoci. Suka ce abin mamaki a wannan ciwo shi ne haɗarin ya riga ya wuce, amma mutum yana jin kamar yanzu yake cikinsa. Kuma babban abin da ke raya wannan ji shi ne fassarar da mutum ya yi wa abin da ya faru, da wadda ya yi wa halin da ya shiga bayansa. Hari ya zo ya tafi a rana ɗaya. Hukuncin da mutum ya yanke a kai shi ke kwana da shi, ya tashi da shi, ya raka shi ofis.

Hukuncin farko a kan duniya ne. Kowannenmu yana tafe da wasu zato da bai taɓa furtawa ba: cewa in na fita da safe zan dawo da yamma, cewa wanda bai tsokani kowa ba ba za a neme shi da sharri ba, cewa abubuwa suna da dalili. Masaniyar halayyar ɗan Adam Ronnie Janoff-Bulman ta yi bayanin yadda mummunan tashin hankali ke rusa irin waɗannan zato. Ta'addanci ya fi ambaliya ko gobara iya rusa su, domin a nan wani ne ya zauna ya shirya, ya zaɓi rana da lokaci, da niyyar kashe mutanen da bai ma san sunansu ba. Ma'aikatan agaji sun daɗe suna ganin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya garkuwa ce a gare su. Harin da aka kai ofishinta na Bagadaza ranar 19 ga Agusta 2003, wanda ya kashe mutum 22 har da wakilin musamman Sergio Vieira de Mello, da wanda aka kai ofishinta na Abuja ranar 26 ga Agusta 2011, inda fiye da mutum 20 suka rasu, sun nuna cewa tutar kanta na iya zama abin da maharin ya biyo. Wanda ya rasa irin wannan zato yakan tsallaka ɗaya ɓangaren gaba ɗaya: babu inda ke da aminci, kowa abin zargi ne, kuma gobe ma za a sake.

Hukunci na biyu a kan kai ne, kuma shi ne wanda aka fi ɓoyewa. Namijin da ya daskare a ƙarƙashin tebur ya kasa motsi, ko wanda ya ruga da gudu ya bar abokin aikinsa a baya, yakan wayi gari da yaƙinin cewa ranar ta tona asirinsa, ashe matsoraci ne. Bai san cewa daskarewa da gudu ba zaɓi ba ne, jiki ne ke yinsu kafin hankali ya sa baki. Daga baya kuma alamun ciwon su zama sabuwar hujja a kansa. Ya kasa barci, ya karanta takarda sau uku bai fahimta ba, ya yi wa yaransa tsawa ba dalili, sai ya ce lallai hauka na kama. A wurin aiki wannan ya fi ciwo, domin a nan ne ake auna mutum da abin da ya iya. Wanda a da ake misali da shi wajen ƙwazo, yanzu yana ɓoye kurakurai, yana fargabar a gane.

Sai zargin kai, wanda ke tafe da "da na sani". Da ban aike shi ƙasa ya karɓo takardar nan ba. Da ban yi musayar ranar aiki da ita ba. Da na yi magana lokacin da na ga motar nan a ajiye. Mutum yana yi wa kansa shari'a da ilimin da bai samu ba sai bayan faruwar abin. Kamfanin Cantor Fitzgerald ya rasa ma'aikata 658 a harin 11 ga Satumba a New York. Waɗanda suka rage, da dama saboda sun makara ko wani uzuri ya fitar da su, sun koma aiki ne a kamfanin da akasarin fuskokin da suka sani a ofishin babu su. Tambayar "me ya sa ni na tsira" ba ta da amsar da ke gamsarwa, amma zuciya ba ta daina yinta. Ba banza ba ne a 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogara da shi wajen gane cututtuka ya ware rukuni na musamman na alamun wannan ciwo ga munanan tunani da sauyin yanayin zuciya.

Ma'aikaci kuma yana da hukunci na huɗu wanda sauran jama'a ba su cika samu ba, shi ne a kan waɗanda yake yi wa aiki. Tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa akwai alkawarin da ba a rubuta ba: ni in ba ku lokacina da ƙarfina, ku kuma ku kula da rayuwata muddin ina ƙarƙashin rufinku. Hari yakan karya wannan alkawari, ko da laifin shugabanni ko babu. Abin da suka yi a makonnin da suka biyo baya shi ke nuna ko zai ɗinku. In abin da ma'aikaci ya fara ji daga sama shi ne ranar da za a koma aiki da gargaɗi kan makara, to an tabbatar masa da abin da yake zargi, cewa shi lamba ce kawai, in ya mutu gobe za a sa wani a kujerarsa.

Me ya sa waɗannan tunane-tunane ba sa gogewa da kansu, alhali kullum rana na fitowa ba a sake kai hari ba? Saboda dabarun da mutum ke kare kansa da su su ne ke ciyar da su. Ma'aikaciyar nan da ƙarar ƙofa ta firgita ta janye teburinta daga taga. Ta daina shiga ta babbar ƙofa. Duk taron da za a yi a hawa na sama sai ta sami uzuri. Kowace yamma in ta isa gida lafiya, zuciyarta ba ta cewa "ashe babu haɗari", cewa take "na tsira ne don na kiyaye". Ka ga ke nan tsoron bai taɓa samun damar ƙaryata kansa ba. Kuma gujewa tana da nata farashin. Masanin halayyar ɗan Adam Gerd Gigerenzer ya ƙiyasta cewa a cikin shekarar da ta biyo bayan 11 ga Satumba, Amurkawa kimanin 1,500 ne suka ƙaru a kan masu mutuwa a haɗarin mota, saboda mutane sun guji jirgin sama sun koma tuƙi mai nisa. Haka ma'aikaci kan ajiye aikin da ke ciyar da iyalinsa don gudun haɗarin da wataƙila ba zai sake zuwa ba, ya faɗa cikin rashin abin yi da kaɗaici, waɗanda su kuma tabbas suna cin mutum.

Waya ma tana ƙara wa wutar mai. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudu a birnin Boston na Amurka a 2013, wani bincike ya nuna cewa waɗanda suka riƙa bin labarin na awa shida ko fiye a kullum sun nuna alamun firgici fiye da wasu da ke wurin da abin ya faru. Wanda ya tsira, yana kwance da dare yana maimaita bidiyon ofishinsa na ci da wuta, yana sake koya wa ƙwaƙwalwarsa darasin da ya kamata ta fara mantawa.

Akwai wani ɓangare da ke sosa mini rai ƙwarai, shi ne inda tsoro ya juya ya zama zargin abokin aiki. Zuciyar da ta firgita tana neman fuskar da za ta ɗora wa haɗarin, kuma mafi sauƙi ita ce fuskar wanda ya yi tarayya da maharin a addini ko ƙabila ko harshe. Alƙaluman FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, sun nuna laifukan ƙiyayya ga Musulmi a Amurka sun tashi daga 28 a shekarar 2000 zuwa 481 a 2001. A ofis abin ba ya kai wa ga duka, a hankali yake tafiya. A yi shiru in mutum ya shigo. A daina gayyatarsa hira. A tsaya ana kallon jakarsa. Shi kuwa wannan bawan Allah yana cikin ginin ranar, ya shaƙi hayaƙin da kowa ya shaƙa, yanzu an yi masa kuɗin goro da wanda ya so kashe shi. Raba kan mutane na daga cikin abin da maharin ya zo nema tun farko, kuma a nan ma'aikata ne ke ƙarasa masa aikin ba tare da sun sani ba.

Amma kada a ɗauka duk abin da ma'aikaci ke tsoro ruɗu ne. Wannan kuskure ne da shugabanni da wasu masu ba da shawara ke yi, kuma yana ƙara ɓata lamarin. Kwamitin da Norway ta kafa don binciken harin 22 ga Yuli ya faɗa a rahotonsa na Agusta 2012 cewa da an aiwatar da matakan tsaron da aka riga aka amince da su, da an iya hana harin unguwar ma'aikatun. Titin da maharin ya bi ya ajiye motarsa an daɗe da yanke shawarar rufe shi, ba a rufe ba. Ma'aikacin da ya ce "an yi sakaci da rayukanmu" a nan gaskiya ya faɗa. Haka wanda ke aiki a yankin da har yanzu ake kai hare-hare, malami ne ko ma'aikacin lafiya ko ɗan jarida, ba za ka ce masa haɗari ya wuce ba, domin bai wuce ba. Abin da ake gyarawa shi ne ƙarin da tsoro ya yi a kan gaskiya. "Akwai haɗari" magana ce da za a zauna a tattauna, a ɗauki mataki a kai. "Babu abin da zan iya, babu wanda ya damu, ni kuma na gama lalacewa" ita ce cutar.

Shi ya sa kalaman kwantar da hankali kaɗai ba sa aiki. Gani ya kori ji. Bayan harin bam na 1993 a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York, Rick Rescorla, wanda ya zama shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley mai ofisoshi a cibiyar, ya dage kan atisayen fita daga gini a kai a kai, har manyan ma'aikata suna ƙorafin yana katse musu aiki. Ranar 11 ga Satumba 2001 da aka sake kai wa cibiyar hari, lokacin da sanarwar ginin ke cewa kowa ya zauna a inda yake, shi ya ɗauki lasifika ya ce a sauka. Kusan ma'aikata 2,700 na kamfanin suka fita da rai, 'yan ƙalilan ne suka rasu, shi yana cikinsu. Darasin da nake gani a nan ya wuce na ceton rai a ranar hari. Mutumin da ya san ƙofar fita, ya taka matakalar da ƙafarsa, ya san wanda zai ba da umarni, yana da amsar da zai ba zuciyarsa in ta ce masa babu abin da zai iya. Masu binciken da suka bi ma'aikatan Oslo ma sun lura cewa jin kana da goyon bayan shugabanninka yana tafiya tare da ƙarancin damuwa.

Goyon bayan ba wani abu ne mai tsada ba. Shugaba ya fito da kansa ya faɗi abin da ya faru, da inda aka yi kuskure, da abin da aka gyara, da abin da ba a iya gyarawa ba tukuna. A bar mutum ya dawo a hankali, rabin yini, sannan cikakke, maimakon a tilasta masa rana ɗaya ko a bar shi a gida shekara guda yana saƙe-saƙe. Kada a kwashe teburin mamaci cikin dare kamar ba a taɓa yinsa ba, a tambayi waɗanda suka zauna da shi yadda suke so a yi. A tuna cewa ranar da abin ya cika shekara za ta yi wa wasu nauyi.

Wani abu da aka daɗe ana yi da kyakkyawar niyya shi ne tara ma'aikata cikin kwanakin farko a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla. Bincike bai nuna cewa irin wannan zama na sau ɗaya yana hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara musu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yinsa. Abin da ta fi ƙarfafawa a farko shi ne taimako mai sauƙi: a tabbatar mutum yana cikin aminci, a biya masa buƙatunsa na gaggawa, a saurare shi in yana son magana, a ƙyale shi in ba ya so, a haɗa shi da danginsa. In an wuce wata guda mutum yana ta mafarkin abin, yana guje wa duk abin da ke tuna masa, barci ya gagara, aiki ya tsaya, to lokacin ganin ƙwararre ya yi. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ke bin waɗannan hukunce-hukunce ɗaya bayan ɗaya, a auna su da hujja, a raka mutum ya tunkari abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, kuma yana aiki ga mutane da yawa. Ƙwayoyin sa barci da ake sha ba bisa ƙa'ida ba kuwa lulluɓe ciwon kawai suke yi.

Mu da ke gefe ma sai mun kula da bakinmu. "Ka yi haƙuri, ka gode wa Allah da ka tsira" magana ce ta gaskiya, kuma imani da ƙaddara ya sauke wa mutane da yawa nauyin "da na sani", domin ya tuna musu cewa ajalin abokin aikinsu ba a hannunsu yake ba. Amma in aka faɗe ta don a rufe wa mutum baki, sai ta koma wani sabon zargi: ga shi na kasa haƙuri, ashe imanina ma da rauni. Bugun zuciya in ƙofa ta buga ba ma'aunin imani ba ne, kamar yadda zafin ƙuna ba ya nuna ƙarancin tawakkali.

Sannan akwai waɗanda kusan kullum ake mantawa da su in an zo rabon kulawa: masu gadi, direbobi, masu shara, 'yan kwangila da masu aikin wucin gadi. Mai gadi ne ya fi kowa kusa da ƙofar da motar ta shigo, masu shara ne suka wanke jinin daga bene. Sau da yawa sunansu ba ya cikin jerin ma'aikatan da za a ba hutu ko a kai wurin likita, domin a takarda wani kamfani ne ya ɗauke su. Washegari mai gadin zai dawo ya tsaya a wurin da abokinsa ya faɗi, yana leƙa ƙarƙashin kowace mota da madubi, awa goma sha biyu, kuma duk motar da ta rage gudu a gabansa sai ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa.